Katin biki ko allon alfahari? A maido da mutunci cikin gayyatar aure

Yau maganarmu a kan wata ƴar takarda ce da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, amma tana raba wa da ƙane, tana sa goggo ta yi shekara ba ta taka gidan ɗan'uwanta ba. Katin gayyatar aure muke nufi, wanda muke cewa ferpar.

Bari mu faɗi matsayinmu tun farko, kada a ce mun yi kwana-kwana. Gayyata girmama wanda aka kira ce. Katin da muke bugawa yanzu kuwa mai kiran yake girmamawa. Ya koma allon da iyali ke baje sunaye da muƙamai, shi kuma wanda ake so ya zo an manta da shi sam.

Ku ɗauko kowane kati da ke cikin aljihunku ko cikin salularku ku duba. Gefen hagu, babban iyalin marigayi wane a Agadas, Yamai, Damagaram, Tawa, Aljeriya, Libiya, Faransa da Amurka. Ƙarƙashinsa wani babban iyalin, da wani, da wani, har layi ashirin ko talatin. Gefen dama ma haka. Rubutun ya ƙanƙance kamar ƙwan tururuwa don ya samu shiga. Can ƙasa, in idonka ya kai, za ka ga sunan ango da amarya. Ranar fatiha da wurin da za a yi ta, wato abin da ya sa aka buga katin tun asali, suna maƙale a layin ƙarshe. Sunanka kai da aka miƙa wa? Babu. Kai dai kana cikin ƴan'uwa da abokai da idon sani, kamar kowa. Duk wannan kuma da Faransanci.

Ina muka samo wannan? Daga Faransawa. Kalmar ferpar kanta ma'anarta sanarwa, wato a shaida maka cewa abu kaza zai faru. A can ƙasarsu, sunayen da ake sawa a kai na iyaye ne, in an faɗaɗa a ƙara kakanni. Wanda ake so ya zo cin abinci kuma ana saka masa wani ƙaramin kati daban, a rubuta sunansa a bayan ambulan. Ashe su masu abin sun san bambancin sanarwa da gayyata. Mu muka aro rigar, muka ƙara mata hannuwa goma, muka yar da aljihun da ke da amfani. Zanen aro ba ya rufe katara.

Alhali muna da namu tsarin tun kafin injin buga takarda ya iso Abzin. Goro da dabino ake ƙullawa a ba ɗan aike, ya shiga gida ya yi sallama, ya gaida mai gida da gajiya da iyali, sannan ya ce wane na gaishe ka, ya ce ranar kaza za a ɗaura wa ɗiyarka wance aure. Ku lura da kalmar: ɗiyarka. Tun daga bakin ƙofa an mai da kai mai biki. Wajen Abzinawa, maƙera su ne ke kai irin wannan saƙo tsakanin gidaje, kuma sun san wa ake fara faɗa wa, wa ke biye. Mata su zaga da alawa ko cingam ɗaki-ɗaki. A wannan tsari ba mai cewa an raina shi, don an tako ƙafa an kira sunansa. Zumunta a ƙafa take, ba a maɗaba'a aka ƙirƙiro wannan magana ba.

Mu fara da harshe. Ƙididdigar UNESCO ta nuna manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma, a lissafinta na 2022, ta sa masu jin Faransanci a ƙasarmu wajen kashi 13 cikin 100. To don Allah wa muke rubuta wa? Kakar amarya a Obitara za ta riƙe katin jikarta tana jujjuya shi kamar takardar lokotoro, sai ta jira yaro ya taso daga lakwal ya karanta mata. Yaron ya karanto sunaye layi goma, ya gaji, ya ce "Kaka, biki ne dai." Ita da ta yi wa uwar amarya wankan jego, yau sai da tafinta za ta ji labarin auren jikarta.

Mu ma lakwal muka yi, Faransanci muka karanta, kuma muna cin abinci da shi. Ba mu ce a kore shi daga kati ba. Wanda ke da abokan aiki a buro ko a kamfani ya sa musu layi uku da Faransanci a bayan katin, ba laifi. Amma fuskar katin ta zama da harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Agadas. Tun 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa goma. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Takardun gwamnati sun matsa, katin aurenmu yana nan inda bature ya bar shi. Gidan da Tamajak ake yi, me ya hana a sa layi biyu da Tifinag, rubutun da iyaye mata suka riƙe mana shekara da shekaru? Gidan malamai, me ya hana ajami? Ku leƙa Kano da Katsina ku ga katunan Hausa tsaf, har da layin da aka bari fili don a rubuta sunan wanda ake gayyata. Ba wanda ya ce auren ya rage daraja.

Sai jerin sunaye. Mun san amsar da za a ba mu: ai dangi ne, in ba a sa su ba sai su yi fushi. To mu tambaye ku, tun da aka fara tsawaita jerin, fushin ya ragu ko ya ƙaru? Da aka sa gida biyu, ba mai jin haushi, don kowa ya san iyayen ango ne da na amarya. Ranar da ka sa gida ashirin, ka buɗe rajista, na ashirin da ɗaya zai tambayi laifinsa. Wanda aka sa a layi na tara zai tambayi dalilin da ya sa ƙanen ubansa ke layi na huɗu. Wanda aka rubuta sunansa ba Alhaji zai ce da gangan ne. Haka za a kwana uku ana gardama a kan takarda, a buga, a yaga, a sake bugawa, kuɗin da zai sayi buhun shinkafa ya tafi ga mai inji. Maganin da ke ƙara ciwo ba magani ba ne.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, jerin nan ba duka zumunci ba ne. Akwai sunan da ake sawa don mai shi yana da kujera a Yamai, alhali rabonsa da gidan tun sunan amarya, wani ma ba a nemi izininsa ba. Akwai garuruwan waje da ake jerawa don a ce muna da mutane a Turai. Tun da aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, kuɗi suka shigo wasu hannuwa, katin ma ya ƙara kauri da ƙyalli. Allah ya ƙara arziki, ba mu yi hassada ba. Amma ku tuna da ɗaya gefen katin. In gidan ango ya jera layi talatin, gidan amarya mai layi huɗu fa? Uban yarinya, mai gadi ne ko mai tura ruwa, sai ya shiga aron sunayen da ba nasa ba don kada gefensa ya zauna fili. Tun ba a shafa fatiha ba an auna gida biyu a sikeli an nuna wa gari wanda ya fi nauyi. A garin da har yau ake raɗa maganar asali in an zo neman aure, wannan ba wasa ba ne. Yarinya za ta shiga gidan miji da wannan awo a kanta.

Ga abin mamaki: duk tsawon jerin, waɗanda suka fi wahala ba sa ciki. Ina sunan uwar da ta yi shekaru tana adashi don kayan ɗaki? Ina innar da ta goya amarya tun tana ƴar shekara biyu? Wani zai ce kunya ce, uwa ba ta fitowa a bikin ɗan fari. Mun yarda, akwai wannan, kuma wadda ta ce a bar sunanta a bar shi. Amma a tambaye ta tukuna. A birnin da fadar Sarkin Abzin ke da Magajiya, a ƙasar da tanti na mace ne wajen Abzinawa, bai dace a ce kati ya samu wurin abokin kasuwancin kawu amma bai samu wurin mahaifiya ba.

Maganar laƙabi kuma, ɗaya ya isa. Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Liman: wanda aka san mutum da shi a unguwa shi za a sa. Mai sarautar gargajiya a rubuta sarautarsa daidai yadda fada ke kiranta. Amma darakta, shugaban sashe, tsohon mai ba minista shawara, waɗannan a bar su a buro, ranar Litinin za su tarar da abinsu. Wurin fatiha kowa a tabarma ɗaya yake zama. Wanda ya rasu a ce marigayi a yi masa addu'a, kuma a tsaya ga uba ko kakan da sunan gidan ke kansa. Sannan a tambayi mutum yadda yake rubuta sunansa. Wani Rhissa yake rubutawa wani Ghissa, wani Mohamed wani Mahamadou, kowa da yadda takardar haihuwarsa ta zo. Kiran salula na minti ɗaya ya fi a buga kati ɗari biyar da sunan suruki a karkace.

Yanzu ga inda abin ya fi ɓaci: yadda katin ke isa hannun mutane. An ɗauki hotonsa, an jefa a gurup na WhatsApp, an ce an gayyaci kowa. Wani ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, har manhajar da kanta ta liƙa masa alamar cewa an yi ta tura shi. Dattijo mai shekara saba'in, ƙanen kakan ango, sai ya ji labarin a bakin jikansa da ya gani a Facebook. In bai zo ba a ce ya cika fushi. Ina laifinsa? Ba a kira shi ba. An dai yi shela ya ji, kamar yadda ake jin an yi ruwa a Tabelot.

Za a ce mana ai bikin farar kaza ba sai an gayyaci balbela ba, na gida ba ya jiran kati. Haka ne, ba ya jiran kati, ƙafarka yake jira. Karin maganar ba ta ce a bar balbela ta ji a bakin hankaka ba. Ga yadda muke ganin ya kamata. Dattawan dangi, limamin unguwa, mai unguwa, maƙwabtan da kuke haɗa katanga, surukan gidan: a je da ƙafa, da goro, babba ya je ko ya aiki wanda ya isa aike. Na nesa a kira su da murya. Wanda ba ya karatu a yi masa bokal da harshensa, a fara da gaisuwa, a ambaci sunansa. Abokai da sa'o'i su ne na saƙon salula, su ma kowa da nasa, da sunansa a sama. In kati ne na takarda, a rubuta sunan mutum da biro, a ƙara "da iyalinsa" in har da su ake nufi. Mace mai aure a gayyace ta da sunanta, kada a bar ta cikin aljihun mijinta tare da katin da zai manta da shi har a yi wanki. Bazawara da gwauruwa da tsohuwar da ƴaƴanta suka yi nisa, su ne aka fi mantawa, su ne kuma abin ya fi yi wa ciwo. Malamanmu kullum suna tunatarwa cewa amsa gayyata haƙƙi ne, kuma walimar da aka ware masu hali aka bar talaka abin zargi ce. To ta yaya mutum zai sauke haƙƙin da ba a ɗora masa ba?

A kuma duba nisa. Jiharmu ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar. Daga Arlit zuwa nan wajen kilomita 240 ne, kuma kowa ya san halin hanyar. Yamai ta haura kilomita 900. Na Bilma da Dirku sai sun jira ayarin motoci. Wanda ka aika wa kati ranar Alhamis kana fatiha ranar Asabar, ba zuwansa kake so ba, so kake ka ce ai na faɗa masa. Na nesa a ba su sati biyu ko uku, su nemi izini wurin aiki, su nemi kuɗin mota.

Sai wuri da lokaci, inda katunanmu suka fi rowa. "A gidan Alhaji wane, Agadas." Shi ke nan? Tsohon gari kaɗai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, unguwa goma sha ɗaya ne, da lungunan da baƙo zai shiga Katanga ya ɓulla Amdit bai sani ba. Balle Dagamanet, Sabon Gari, Tudu da sauran sababbin kartiye da ke ta faɗaɗa. Wasu kuma su rubuta "kusa da babban masallaci". Hasumiyar nan mita 27 ce, rabin gari na hango ta, kowa kusa da ita yake. A faɗi unguwa, a faɗi alamar da ɗan kabu-kabu ya sani: lakwal kaza, famfo kaza, bakin kasuwa kaza. A sa lambar mutum ɗaya da zai ɗauki waya ranar, ba lambobin abokan ango takwas da duk za su kasance a kashe ba.

Lokaci kuma alkawari ne. In an rubuta ƙarfe 8, kada a shafa fatiha bakwai da rabi don wani babba yana sauri. Mutum ya rufe shagonsa, ya sa rawaninsa, ya biya mai babur, ya iso a kan lokaci ya tarar ana naɗe tabarmi. An tozarta shi da katin da aka ba shi da hannu. In bayan sallar asuba ne a rubuta haka. A bambanta fatihar maza da wunin mata, kowanne da ranarsa da gidansa. Kafin a tsai da rana ma a duba kada ta faɗa cikin hidimar Bianu ko taron Ingal, lokacin da rabin dangi ba sa zaune.

Mu da ke karanta sanarwa a rediyo muna ganin ƙarshen abin. A kawo kati a ce a karanta duka, kada a tsallake suna ko ɗaya. Minti uku ana jero iyalai, mai sauraro ya tashi ya zuba shayi, ranar da wurin su wuce cikin daƙiƙa biyar bai ji ba. Gidajen rediyo na samun na cefane da sanarwa, ba mu ƙi ta ba. Amma gajeriyar da aka maimaita rana da wuri sau biyu, da Hausa da Tamajak, ta fi doguwar da ba wanda ya riƙe komai cikinta. Kuma ita sanarwa ce, ta gari ce. Ba ta ɗauke maka zuwa gidan kawunka.

Don kada a ce mun rushe ba mu gina ba, ga yadda kati zai iya zama:

Da sunan Allah. Zuwa ga Malam wane da iyalinsa. Iyalan Alhaji wane da Hajiya wance, da iyalan marigayi Malam wane da Malama wance, a madadin dukkan dangi na kusa da na nesa, suna gaishe ku, suna gayyatar ku ɗaurin auren ƴaƴanku wane da wance. Ranar Asabar, kaza ga wata, ƙarfe 8 na safe, a gidan wane, unguwa kaza, daura da lakwal kaza. Wunin mata ranar Lahadi bayan azahar, a gidan wance. Wanda bai samu zuwa ba ya sa su cikin addu'a.

Ku ƙidaya, bai kai layi goma ba. "A madadin dukkan dangi" ta ɗauke kowa, ba ta bar kowa a waje ba, ba ta sa wani gaban wani ba. Tsohuwa za ta ji shi a karatu ɗaya. Sunan wanda aka kira shi ne a sama, inda ya dace.

Kiranmu na farko ga masu buga kati ne da ƴan sakatariya: ku ajiye samfurin Hausa da na Tamajak kusa da na Faransanci, ku nuna wa mai biki ya zaɓa, ku bar layin suna fili. Na biyu ga samari da ƴan mata masu shirin aure: ku ne ke zuwa wurin mai inji, ku ne za ku iya cewa ya isa. Na uku ga iyayenmu, da girmamawa: in gida ɗaya mai faɗa a ji ya fara taƙaita katinsa, gobe goma za su bi, don talaka tsoron gori ne ya hana shi farawa. Wanda kuma ya duba kati bai ga sunansa ba, alhali an tako har ɗakinsa da goro, don Allah ya yi haƙuri, an ba shi wanda ya fi.

Mun san wasu za su ji zafin wannan magana, wataƙila ma katinsu na wurin mai inji yanzu haka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Darajar gida ba a layin kati ake gane ta ba, ana gane ta ranar fatiha, in aka ga wa da wa suka zo da farin ciki don an kira su da sunansu.

Allah ya sanya albarka a aurarrakinmu, ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya bar zumunci. Sai mun haɗu a shiri na gaba.